Irin Albasar da Ka Jira

Zuwa ga mahaifina, Malam Alhassan.

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa da girmamawa, ɗanka Sani ne, direban motar siminti na Malbaza, wanda ka ce bai san albasa ba sai a miya.

Ban manta ranar da muka kai ka asibiti a Yamai ba, ƙarshen damina, idanunka sun koma ruwan ɗorawa. Lokotoro ya ce ciwon daji ne a wata gaɓa bayan tumbi, kuma ya riga ya yaɗu. Bai ɓoye mana ba, ruwan maganin da za a sa ma ta jijiya ba zai warkar da kai ba, sai dai ya sassauta ciwon, ƙila ya ƙara ma 'yan watanni. Ni ina share hawaye, kai kana ƙirga watanni da yatsu. Ka ce, "In zai kai ni bazara, a sa min."

Ashe irin albasar kakanmu kake tunani, wanda duk gidan ba wanda ya tsaya ya koyi fitar da shi.

Maganin nan ya wahalar da kai, wallahi. Duk dawowa daga Yamai sai amai, tuwo ya gagara, kunu ma da lallashi. Amma da ka ɗan farfaɗo sai ka ce a ɗora ka a amalanke zuwa garka, lambun albasarmu. Daga kan tabarma ka koya min yanke kan albasa kafin a binne ta. Da na dasa layi guda gindi sama, ka yi dariya har da tari, ka ce, "Ƙatuwar mota ta bi ka, albasa ta gagare ka!"

Furen ya fito fari fat. Ka hana ni taɓawa sai baƙin ƙwaya ya leƙo. Bazara ta zo, kana nan da ranka. Da hannunka ka murza busasshen furen, ka zuba irin a ƙwaryar ruwa, muka zubar da wanda ya taso, muka shanya wanda ya nutse. Ka ƙulle shi a tsumma ka damƙa min. Bayan sati biyu Allah ya karɓi abinsa.

Baba, ka yi nasara. Bana har daga Tsarnawa aka zo neman irin, kuma da sunanka ake kiran sa. Ina kewar ka ƙwarai.

Allah ya haskaka kabarinka, ya sa wahalar da ka sha ta zama kaffara. Amin.

Ɗanka Sani, wanda yanzu ya san albasa tun tana ƙwaya.