An Fasa Rushe Zauren Kaka

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya. Ya karatu, ya sanyin Roma? Mu nan Gubuchi kowa lafiya, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Hotunan da ka turo sun yi mana rana. Kawu Idi har ya yi magana da magina, za a rushe zauren kakanmu bayan girbi a gina shago. Ranar Juma'a na kai wa Baba wayata, na nuna masa hoton tsohon ginin nan na Roma mai rabin bango, da layin masu jiran shiga. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kango suke zuwa gani?" Na ce, "Daga ko'ina a duniya, Baba." Nan take ya sa aka kira Kawu, ya ce masa, "Mahaifinmu ya yi zanen bangon nan da hannunsa. Ba mai taɓa shi ina raye."

Ni aka ba aikin sabon yaɓe, kuma zan iya, in sha Allah. Ka sa mu a addu'a. Inna tana gaishe ka, ka gaida abokan zamanka.

Ƙaninka,
Bashir