Hannun Daman Layashi

Litinin, 18 ga Nuwamba

Sanyi ya kankama, an fara bugun wiwi. Tun hantsi kwarin nan ya ɗauka: kowane gida sanda biyu a kan leda, gari na zuba ta ƙyalle cikin baho. Ko ido rufe na san bugun kowa. Maigidana Mfaddal yana yi kamar ledar ta zage shi. Yayana Layashi kuwa, can tsallaken rafi, uku da sauri, ɗaya a hankali, yadda Baba ya koya masa. Ina juya bisara, miyar wakenmu, ina bin bugun nasa da ludayi.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Mai saye ya zo daga birnin Tanja. Ya murza garinmu a yatsa, ya shinshina, ya kwashe da dariya. "Malam, ƙasa ka tankaɗe mini? Ƙurar namijin wiwi ta shiga gonarka, duk ƙarfin ya tafi a iri." Ko shayinsa bai sha ba.

Irin Turai Mfaddal ya shuka bana, wanda ba ya son ƙurar namiji ko kaɗan. Ya yi jifa da butar shayi, ya ce gonar Layashi ce, shi da ya nace wa tsohon irin Baba, maza a tsaye, iska ta kwaso mana.

Ba iska ba ce. Cire mazan wiwi daga gona aikin mata ne, ni aka tura a watan Yuli. Bayana ya riƙe, rana ta take, na hango uku a gonarmu a bayan babban dutse na ce sai gobe. Sai bayan mako biyu na koma, sun riga sun zubar da ƙurarsu. Na tuge su na binne. Ban faɗa wa kowa ba.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Dole in rubuta wannan.

Bayan azahar Mfaddal da ƙannensa biyu suka tsallaka rafi, kowa da sandar bugu. Na bi su ba takalmi. Layashi ya fito gari har gwiwar hannu, yana dariya. "A'a, suruki, gayya kuka kawo mini?"

Suka kayar da shi. Biyu suka danne, suka shimfiɗa hannunsa na dama a kan dutsen bakin ƙofa. Mfaddal ya sauke sanda. Na ji ƙarar ƙashin. Ya sake, ya sake. Jini ya fantsama har kan zanina. Maƙwabta ba wanda ya dakata da bugunsa, wallahi wasu ma ƙara ƙarfi suka yi.

Na yi kururuwa, na ciji ƙaninsa a kafaɗa, na zagi uwarsu. Komai na faɗa ban da abu ɗayan da zai tsayar da sandar. Matsoraciya.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Ba asibiti. Sunan Layashi na hannun jandarma, 'yan sandan karkara, saboda wiwi, kamar na kowane namiji a ƙauyen nan, yana sauka gari za a kama shi. Mai ɗori ya ce yatsu uku ba za su ƙara lanƙwasa ba.

Tsallaken rafi shiru, ba bugu.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Surukata Lalla Tamu ta turo mini burodi da man zaitun. "Ci mana, 'yar nan. Ai hannu ne, ba wuya ba." Na so in kifa mata kwanon a ka.

Juma'a, 29 ga Nuwamba

Na gaya wa Mfaddal. Yana cin abinci bayan masallaci na ce maza ukun nan a gonarmu suke, ni na bar su.

Na zata zai yi salati ya tuna hannun da ya farfasa. Ina! Ya tashi ya rufe ƙofa, ya ɗauko sandar nan dai. Haƙorina ɗaya ya fita, idon hagu ya rufe. Da ya gaji ya tsuguna a kaina yana haki. "Rhimu, kika kuskura wani ya ji wannan, a bayan dutsen nan zan binne ki." Ya koma ya ƙarasa abincinsa.

Ashe ba garin ne ya dame shi ba yanzu. Kada dai a ce ya yi kuskure.

Talata, 3 ga Disamba

Na tsallaka da rana tsaka, kowa na gani. Layashi na zaune a rana, hannu naɗe da kara da tsumma. Ya daɗe yana kallon fuskata. Na durƙusa na faɗa masa komai, ina jira ya tofa mini yawu.

"Na sani," ya ce. "Daga gonata ana hango dutsen nan. Na gan ki ranar da kika tuge su."

Na ce, "Yaya, me ya hana ka faɗa, suna danne da kai?"

"Ni hannu ya karya. Ke fa?"

Na yi kuka har matarsa ta janye ni ciki.

Asabar, 7 ga Disamba

Wiwin Layashi na jibge a ɗaki, in danshi ya shige shi bana ba su da abinci. Mace ba ta bugu, haka muka taso muka tarar. To, na ɗauki sandunan. Ya zauna gefe yana ƙirga mini da ƙafa, yana tsokanata wai ina yi kamar mai korar kaji. Kafin la'asar hannuna ya faɗa: uku da sauri, ɗaya a hankali. Can tsallake na ji bugun Mfaddal ya tsaya cak. Ban dakata ba.

Lalla Tamu ta aiko a tambaya yaushe zan dawo. Na ce sai an gama bugu. Da niyyar kwana biyu kawai na zo gidan Yaya. Ban san dalilin da ya sa na taho da tukunyar Inna da takardar haihuwata ba.