Gorar Nonon da Na Hana Ki

Zuwa ga Jelagat, matata, sanyin idona, ruwan farkon damina a kan jar ƙasar Iten, inuwar da na fake a cikinta shekara tara,

Wannan ce takarda ta huɗu. Ukun farko na yaga su, domin duk wadda na karanta sai in ga wanke kaina nake yi. Ban tabbata wannan ta fi su ba, amma ita zan aiko.

Jiya ƙanwarki Jebichii ta biyo ta gida. Na tambaye ta jikinki, ta ce kin fara takawa da sanda ɗaya. Na tambaye ta cin abincinki, sai ta tsaya kallon takalman gudunki da ke bakin ƙofa. Can ta ce Mama tana tuƙa miki ugali, tuwonmu na masara, da ganye da ƙwai, ke kuma kina yin loma biyu ki ture kwanon, wai kada ki dawo mini da kumatu in kasa gane ki. Jebichii ta ƙara da cewa, "Malam mai agogo, har a gidanmu ma kai ne ke auna mata tuwo." Da dariya ta faɗa, amma ni ban iya sa komai a baki ba har yamma.

Hasken gidana, wa ya koya miki tsoron kwano in ba ni ba?

Na ɗauko littattafan horonki da na cika tun da na zama mai horar da ke, guda goma sha ɗaya. Kin san halina, ba abin da ba na rubutawa: nisan gudu, mintoci, bugun zuciya, nauyinki kowace Litinin. A na bakwai, cikin watan Maris, na tarar da abin da nake nema kuma nake tsoron gani: "Wata uku al'adarta ba ta zo ba. Jiki ya shirya." Har layi na ja a ƙarƙashinsa, Jelagat! Haka ake faɗa a sansaninmu na horo, wai in jinin wata ya ɗauke wa mai gudu to ta kai ganiyarta. Na ji, na ɗauka, ban tambayi kowa ba. Ina ta murna, ashe jikinki kashe fitilunsa yake yi ɗaya bayan ɗaya don ya tsira da numfashi.

Ranar da ƙashin ƙugunki ya tsage, likitar da ta duba ki ta ce ƙashinki irin na 'yar shekara sittin ne, ke da ba ki wuce talatin da ɗaya ba. Ta ce sinadaran da ke kawo wa mace al'ada su ne ke riƙe mata ƙashi, su ne ke shirya mahaifa, kuma jiki ba ya yin su da yunwa, sai da tuwo da mai da nono da wake da nama. Sai ta tambayi wanda ke tsara miki cima. Na ce ni ne. Ta ci gaba da rubutunta, ko ɗagowa ba ta yi ba. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Shekara huɗu muna durƙuso muna roƙon haihuwa, ashe ni ne a bakin ƙofar, riƙe da ma'auni.

Kin tuna ranar da na fara ganinki a gasar gudun daji ta Kapsowar? Ta shida kika zo, ko a jikinki. Kakarki ta miƙo miki gorar mursik, kika kafa kai, nonon mai tsami da ƙamshin gawayi ya gangaro har haɓarki. Kika goge da bayan hannu kika ce in daina kallon ki, in je in nemi tawa saniyar. Kumatunki kamar nunannen mangwaro, dariyarki kamar ruwa yana sauka daga dutse. Waccan na so! Ita na bi har gidansu. To yaya aka yi na aure ta, na zauna ina rage ta mako bayan mako? Ni ne na kafa dokar cewa gora ta mai nasara ce, ba za ki sha ba sai ranar da kika ciwo gasa aka tarye ki da ita. Ni ne na riƙa kiran ki barewa, ina yabon ƙasusuwan wuyanki a hoto, ke kuma kina murmushi da ciki wayam.

Ma'aunin na kai wa Kiptanui mai dankali, ya je ya auna buhunansa. Na je wurin mahaifiyata ta koya mini gyaran gora, matan gidan suna ta dariya wai namiji da aikin mata. Na ƙona itace na goge cikin gorar da gawayinsa, na zuba dafaffen nono na rufe. Biyun farko sun lalace. Ta ukun ce Jebichii za ta kawo miki tare da wannan takarda. Ba ki ci wata gasa ba, kuma taki ce.

Ba na roƙon ki dawo, ban san ko na cancanta ba. Ba na roƙon ki sake gudu. Ki ci abinci kawai, rabin raina. Ki cinye na kwanon ki nemi ƙari, ki yi kumatu, ki cika rigunanki har a saki ɗinkinsu. Ba don idona ba, idona ya riga ya cuce ki. Don ƙashinki, don jininki, don tsohuwar da nake so ki zama kina taka ƙasa da ƙafafunki.

Na buɗe sabon littafi, babu lamba ko ɗaya a ciki. Layi guda na bari, na ranar da al'adarki ta dawo, in kin yarda in sani.

Ba sai kin rubuto amsa ba. Ki aiko mini da gorar. In ta dawo wayam, zan gane. In ta dawo a cike, zan wanke ta in sake zuba wani, wannan mako da na gaba, har ranar da zan girgiza ta in ji shiru.

Naki, ko kin dawo ko ba ki dawo ba, muddin ina numfashi,

Kibiwot