Tukunyar Inna Halima

Kalgo, 4 ga Maris, 1977

Zuwa ga ɗana Lawali,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya kai da iyalinka, magana biyu ce. Ta farko, magina za su zo Gwandu kafin ruwan farko su rushe ɗakin kakarku marigayiya Inna Halima, a yi na siminti da kwano. Takardun da ke cikin tukunyarta gara ta ci rabinsu. Akwai sunan Allah a ciki, bai kamata a bari a tattaka su ba. Ka haƙa rami a wuri mai tsarki ka binne su.

Ta biyu, ƙanenka Khalilu. Na samo mishi aikin ofis a Sakkwato. Shekara biyu yana jami'a a Zariya, wai tarihi da harsuna. Tsaransa na shirin zama injiniyoyi, shi yana koyon hirar tsofaffi. Na rubuta mishi ya tattaro kayansa. Tun rasuwar yayana Adamu, mahaifinku, ni ke da magana a kanku. Kada ka goya mishi baya.

Baffanka,
Alhaji Sambo

Gwandu, 19 ga Maris, 1977

Ƙanena Khalilu,

Ina gaishe ka, yaya karatu? Mutanen gida suna lafiya. Na san takardar Baffa ta iso maka, amma kada ka ɗaure akwati tukuna.

Ya ce in binne takardun Inna. Na buɗe tukunyar da niyyar bin umurni, sai na ga rubutun na dakata. Ka san a aji huɗu na bar boko, amma allo na riƙe shi. Wannan ba hannun malamai ba ne. Baƙaƙen manya ne, layin yana gangarowa kamar na wanda ya ɗora takarda a gwiwa, kuma gefen kowace akwai tabon man shanu. Ba Larabci ba ne, ba Hausa ba. Na je Dodoru na karanta wa Jibrin makiyayi da ƙarfi, ko Fillanci ne. Babu wasali ko ɗaya, sai lalube nake. Ya yi dariya har ya zauna, ya ce shanunsa sun fi ni iya Fillanci. Amma ya tsinci kalmar goyo da kalmar ciwo.

Abu biyu na gane da kaina: sunan Sambo, da sunan Kalgo. A takarda guda sun fito sau biyar. Ita na kwafo maka, kwana goma sha ɗaya ina yi bayan na dawo gona. Inda gara ta ci na zana ramin yadda yake. Ka nuna mini amfanin wannan karatu naka.

Yayanka,
Lawali

Kalgo, 6 ga Afrilu, 1977

Lawali,

Bayan gaisuwa. Sule direba ya ce ya ga tukunya tana nan, har ka ɗauke ta ka kai ɗakinka. Ban saba maimaita magana ba. Ni na san uwata. Ba ta bar wa kowa komai ba, balle ni.

Alhaji Sambo

Gwandu, 10 ga Afrilu, 1977

Zuwa ga Baffana Alhaji Sambo,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Allah ya ƙara girma.

Baffa, tun ina yaro ban taɓa ce maka a'a ba. Ka ce in bar makaranta in riƙe gonar gida, na riƙe, ban yi gunaguni ba. Wannan karon ba zan haƙa ramin ba. Ɗakin kuma a rushe, ba ni da ta cewa. Amma ba na binne abin da ba a karanta ba. In laifi ne, na ɗauka, kuma ranar kasuwa zan zo Kalgo in durƙusa ka yi mini faɗa gaba da gaba. Tukunya dai tana bayan gadona, na ɗora ta bisa duwatsu na zuba toka kewaye saboda gara.

Maganar Khalilu ma ban goyi bayan a cire shi ba. Gara in faɗa maka da hannuna da ka ji a bakin Sule.

Ɗanka mai biyayya,
Lawali

Zariya, 21 ga Afrilu, 1977

Yaya Lawali,

Gaisuwa da jinjina. Sai da na ɗaure akwatin, wallahi, takardarka ta sa na kwance. Malaminmu ya ga kwafinka, ya tambaya a wace kwaleji ka yi karatu. Na ce kwalejin gero da dawa.

Fillanci ne, irin na tsofaffin Gwandu, kuma Inna ce ta rubuta da kanta. Abin da ake koya mana ke nan: gane tsohon hannu, sa wasali inda babu, tambayar wa ya rubuta, yaushe, kuma don wa. Ta ambaci shekarar da fara ta cinye gero, da haka na gane Baffa bai wuce shekara huɗu ba a lokacin. Mako biyu na yi a kanta. Ga abin da ta ce, sai inda gara ta ci:

"Agana ta shigo unguwarmu. Adamu ya kwanta, jiki duk ƙuraje. Sambo lafiyarsa ƙalau. Na bar mara lafiya hannun kakarsa, na goya mai lafiya, kwana biyu a ƙafa zuwa Kalgo wurin yayata Dije. Da zan juyo gida, Sambo ya riƙe bakin zanena. Na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ban waiga ba, don da na waiga da na komo da shi cikin ciwon. Mutane sun ce na zaɓi Adamu. Ban ba su amsa ba, uwa ba ta faɗin irin wannan da baki. Da shekara ta kewayo na koma Kalgo in ɗauko shi, sai"

Nan takardar ta ƙare, Yaya. Sauran yana cikin tukunya. Kada ka bari ko ɓallin takarda ya ɓace.

Ƙanenka,
Khalilu

Gwandu, 3 ga Mayu, 1977

Zuwa ga Baffana,

Bayan gaisuwa da ladabi. Na gode da faɗan ranar kasuwa, na ji duka, kuma ina nan a kan bakana.

Ga takardar Khalilu na haɗo maka, ka karanta kai kaɗai. Na daɗe ina lura, duk Sallah in ka zo gaishe da Inna a bakin ƙofa kake tsayawa, ita kuma ta yi ta gyaran ƙwarya ba ta ɗago ba. In ka juya za ka tafi, sai ta bi ka da ido har ka fita zaure. Na gani, amma ban san ma'anarsa ba. Wanda kake kira mai koyon hirar tsofaffi shi ya gano.

Akwai sauran takarda talatin da bakwai. Na nemi mai karanta su daga nan har Dodoru ban samu ba. Khalilu ma ya ce sai ya ƙara shekara kafin ya iya masu wuyar. In har yanzu ka ce a binne, ka zo da kanka, zan ba ka fartanya. Ni dai hannuna ba ya ciki.

Ɗanka,
Lawali

Kalgo, 9 ga Mayu, 1977

Lawali,

Na gaishe ka. Na ce wa magina su dakata. Ka ƙara toka kewayen tukunyar.

Ka rubuta wa Khalilu ya zauna inda yake. In an yi hutu ya biyo ta Kalgo kafin Gwandu, ya karanta mini daga inda ta tsaya.

Zanen da na riƙe ranar nan baƙi ne mai ratsin fari. Ina tune da shi.

Baffanka,
Sambo