Kalmar da Shahad Ta Faɗa Min

Juma'a, 3 ga Rajab 1446

Na je unguwar Ka'akiyya, nan cikin Makka, gidan ɗana Abdulilah, karo na farko tun da suka tashi daga unguwarmu Jarwal suka bar ni. Ina shiga jikata Shahad ta rugo ta ƙanƙame min ƙafa, ta fashe da kuka tana dukan cinyata. Abin da ta ce har yanzu yana kunnena: "Sitti, wahalshe ni!" Sitti na sani, kaka ke nan da Larabci. Sauran kuwa ai Hausa ce tsagwaronta. Yarinyar da ko "ina kwana" ba ta iya ba, wa ya koya mata cewa na wahalshe ta? Uwarta Ghada na tsaye tana murmushi. Ban ci abincinsu ba, na ce cikina ne ba daɗi.

Lahadi, 5 ga Rajab

Abdulilah ya kira. "Umma, ɗakinki an gyara, yaushe za ki dawo wurinmu?" Na ce sai na yi shawara. Gidan da aka gaji da ni tun ban shiga ba.

Talata, 7 ga Rajab

Ƙanena Ɗanjuma ya kira daga Bankok. Ya kusa shekara ashirin can yana lodin yadi da takalma zuwa Kano, amma na ji shi yana ciniki da mai tasi da Turancin kasuwa. Na tsokane shi na ce har yau bakinka bai kama yaren Tailan ba? Ya ce yarensu kalma ɗaya in ka ɗaga murya wata ce, in ka sauke wata ce. Na ce to Hausa fa? Ya yi dariya, can ya ce, "Yaya, wanda ya koyi yaren gari ya yarda a nan za a binne shi. Ni baƙo ne. Ke ma ai haka."

Na so in musa. Laifi tudu ne.

Laraba, 8 ga Rajab

Maganar Ɗanjuma ta ƙi barina. Sama da shekara talatin ina Makka. Na iya "kam" da "khalas" da "ma fi", iyakar abin da zai kai ni kasuwa ya dawo da ni. A Jarwal me zan yi da Larabci? Mai fura Bahaushiya, mai ɗinki Bahaushe, alhazan da nake dafa wa tuwo 'yan gida ne. Mijina marigayi Malam kullum cewa yake baɗi za mu koma gida, ni kuma na riƙe bakina kamar mai riƙe da jaka a tasha. Da Abdulilah yana ƙarami in ya yi min Larabci ba na amsawa. Da shi dabarar ta yi aiki. Da 'yarsa ba ta yi ba.

Juma'a, 10 ga Rajab

Ban je ba.

Litinin, 13 ga Rajab

Saƙon murya ya shigo daga wayar Ghada. Shahad ce. Kalmar nan dai, har da shessheƙa. Na kife wayar. Abdulilah ya ce yarinyar ta daina tambaya ko zan zo, in an ce Sitti sai ta juya baya. Wannan ya fi yi min ciwo. Na yi niyyar tambayarsa wa ya sa mata wannan magana a baki, na fasa, kada a ce tsohuwa na haɗa miji da mata.

Alhamis, 16 ga Rajab

Innalillahi. Nuf, 'yar maƙwabciyata Mujahida, ta dawo daga Madina. A kan bene ta rungume uwarta tana dariya tana cewa, "Wahashtini, ya ummi, wahashtini!" Mujahida har da sumbatar goshinta. Na ce Mujahida, me ta ce miki? Ta ce, "Kewata ta yi mana, Hajiya. Wahashtini, na yi kewarki. Ke kam har yau?"

Na shiga ɗaki na saurari saƙon nan. Babu wata wahala a ciki. Ni na saka ta.

Yarinya ta yi kukan kewata, na saka mata da ƙin cin abincin gidansu.

Juma'a, 17 ga Rajab

Na tambayi Nuf yadda ake amsawa. Wai "inti aktar", ni na fi kewarki. Na yi ta maimaitawa a mota har Ka'akiyya, wata Balarabiya tana kallona. Shahad ta ɓuya bayan uwarta. Na durƙusa na faɗa. Can ta leƙo ta gyara min, wai ba haka ake cewa ba, ta sa na sake har sai da ta gamsu. Sannan ta ja ni ta nuna min ɗakin, tana ta zuba, ban gane ko rabi ba. Na ci shinkafar Ghada har da ƙari.

Ba koyo nake ba, kalma biyu ce kawai. Na dai tambayi Ghada yadda ake cewa "zo ki zauna kusa da ni".

Ɗanjuma ya kira ban ɗauka ba. Malam ma ai a nan aka binne shi.