Ɗinya Uku, Ƙwallo Biyu

Juma'a, 5 ga Oktoba, 1956

Ke mai leƙen littafina, kacici: baƙo ya shigo da baƙar riga mai zaƙi, an cinye rigar, shi ya ƙi fita. Wane ne?

Na sayo ɗinya a kasuwa. Angona Isyaku, jikana ɗan wata goma, ya miƙo hannu. Uwarsa Turai ta ce, "Inna, a cire masa ƙwallon." Na ce 'ya'ya bakwai na raina da ɗinya sukutum, su tsotse su tofar, wa ya mutu? Uku na ba shi tana daka. Ƙwallo biyu na tsinta a tabarma.

Asabar, 6

Na kakkaɓe tabarmar, na share ɗakin sau biyu. Babu.

Lahadi, 7

Ya ƙi nono. Ya yi amai. Turai ta ce haƙori ne, na ce haƙori ne. Ni da bakina.

Na karɓi wankin tsummansa, ni da rabona da wanki tun bara. Da tsinke nake tona kashinsa a bayan rumbu.

Litinin, 8

Cikinsa ya yi tauri kamar ƙwarya. Na ce, "Ango, ka sake ni ne ba ka dariya?" Kallona kawai ya yi. Ban iya ƙarasa tatsuniyar da na soma masa ba.

Talata, 9

Na faɗa wa Turai zancen ƙwallon. Ta goya shi, na bi ta a baya har wurin malamin asibiti. Ya ce da ta maƙogwaron iska ya bi, da tun Juma'a an yi jana'iza. Kada a ɗura masa komai. In bai fito ba zuwa gobe, sai Kano, wataƙila wuƙa.

Wuƙa. A wannan ɗan cikin.

Laraba, 10

Ya fito da hantsi, ana shirin tarar mota. Turai ce ta gani. Ta ajiye mini shi a kan ganye a ƙofar ɗakina, ta wuce.

Juma'a, 12

Na sake sayo ɗinya, don kada a ce na tsorata. Na ɓare, na murje naman da cokali, na laluba da yatsa. Haƙorana ne ba ƙwari, shi ya sa. Turai na tsaye a kaina har angona ya gama ci, ban kore ta ba.

Baƙon nan ƙwallon ɗinya ne. Ni na buɗe masa ƙofa.