Na Ga Birkin Hannu a Ɗage, Na Yi Shiru

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. A ɓoye sunana, kuma mai niyyar zagina ya bari ya kai ƙarshe tukuna.

Ni haifaffen Jidda ne, direba nake a unguwar Abhur. Ni da mijin yayata ba ma ga maciji, ba tun yau ba. Mutum ne da ko gaisuwa sai ya ga dama yake amsawa, wai shi ya yi arziki. Watan jiya ya sayi karafan, motar nan mai ɗaki da kicin a ciki, ya ce za mu je bakin teku da iyali, a ɗaura ƙaramar motar Yaya a baya a ja ta da tayoyinta a ƙasa. Ana haɗa ƙarfen jan na kai hannu zan taimaka, ya buge min hannu a gaban 'ya'yansa, ya ce, "Matsa can, wannan ba motar kafilinka ba ce," wato ubangidan da nake wa tuƙi. Ni? Da gemuna?

Yaya ce ta shirya motarta, ta sa giyarta a firi, amma ta manta ba ta sauke birkin hannu ba. Na gani ta gilashi, na ja bakina na yi shiru. A raina cewa na yi bari taya ta yi ƙauri ya ji kunya, halas, shi ke nan. Ba mu yi nisa ba motoci suka fara danna mana ham, kafin ya tsaya wuta ta kama bayan motar Yaya. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo. Amma nan bakin titi ya juya kan Yaya, ya zage ta, ya haɗa da mahaifiyarmu, ta rama, ya sake ta saki ɗaya.

Yanzu tana gidan Mama a unguwar Bani Malik, ko abinci ba ta iya ci, kullum cewa take sakacinta ne ya kashe mata aure. Jiya ta dube ni ta ce, "Na san da ka gani da ka faɗa min, ƙanina." Na ce ƙwarai. Wane irin ɗan'uwa ne ni?

Shi kam wallahi har gobe ba na tausayinsa, kuma wai ni dattawa suka zaɓa in je in ba shi haƙuri ya mayar da ita. In na faɗi gaskiya na rasa Yaya, in na yi shiru tana ta cin kanta a gabana. Me zan yi?